Gida a hoto, kango a ƙasa: wa ke sa ido kan ɗan kwangila?

Shekara uku ɗan baffana ya yi yana aiko kuɗi daga Abijan don a gina masa gida a filin da ya saya a bakin garin Maraɗi. Ɗaki uku da falo da katanga ya nema, ba bene ba. Duk ƙarshen wata sai ya tura abin da ya samu, mai aikin kuma ya tura masa hotuna ta WhatsApp: ga motar yashi ta sauke, ga bulo an jera, ga bango ya kai taga. Ranar da ya sauka gida, ni na raka shi filin. Bangon na nan kamar yadda yake a hoto, sai dai hoton bai taɓa nuna kusurwar gabas ba, inda tsaga ta taso daga ƙasa har saman ƙofa. Ya sa farce ya kankari bulo ɗaya, yashi ya zubo masa a tafin hannu.

Mai aikin bai gudu ba. Ɗan unguwa ne, sahu ɗaya yake sallah da iyayenmu. Da aka zauna a zaure ya kawo nasa bayani: siminti ya yi tsada a tsakiyar aiki, kuɗi suna zuwa gutsi-gutsi, kuma babu wanda ya ce masa a kawo injiniya. Ɗan baffana ya ce sun yi magana a kan komai tun farko. Dattawa suka tambayi takarda, babu. Aka ba wa kowa haƙuri, aka tashi.

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa, Gana ko Saudiyya ya san irin wannan zama. Gida shi ne babban abin da ɗan bida ke son ya nuna idan ya dawo, kuma kusan kullum ana gina shi ne ba ya nan. Tsakanin guminsa da gidan akwai mutum ɗaya, ɗan kwangila. Mene ne ainihin aikinsa, iri nawa ne, kuma wa ke duba abin da ya yi?

Mutum uku a kan gini ɗaya

A tsarin aikin gini na zamani, hannu uku ne ke riƙe da kowane aiki. Na farko shi ne mai gini, wanda ke da fili da kuɗi, ko mutum ne ko gwamnati. Na biyu shi ne mai zane da lissafi, wato masanin zanen gini da injiniya: su ne ke faɗin zurfin harsashi, kaurin ƙarfe da yawan simintin da kowane sashe ke buƙata, sannan su bi aikin su ga ko an yi yadda suka rubuta. Na uku shi ne ɗan kwangila, wanda ya ɗauki alkawarin mayar da zanen ya zama gini, a kan farashi da lokacin da aka yanke.

Babban ɗan kwangila ba lallai ne ya taɓa cokalin gini da hannunsa ba. Aikinsa shi ne haɗa kan masu sana'a. Shi ke ɗauko magina da leburori, mai ɗaura ƙarfe, kafinta, mai walda, mai jan wayar wuta, mai famfo, mai tayil da mai fenti. Shi ke sayen kaya, ya tsara wanda zai shiga bayan wane, ya biya kowa, ya kula kada wani ya faɗo daga sama. Amfaninsa ga mai gini shi ne mutum ɗaya zai tuhuma. Idan famfo ya yi yoyo a cikin bango, ba sai ya tafi neman yaron da ya haɗa shi ba, wanda ya karɓi kwangilar shi ke da alhaki, ko da wani ya ba wa wannan sashen.

Matsalar gidajenmu ta fara ne daga nan. A mafi yawan ginin da ake yi a unguwanni, hannu na biyu babu shi. Wanda ya zana gidan a bayan kwali shi ne ya yi lissafin kaya, shi ya saye su, shi ya gina, kuma shi ne ke ba da shaidar cewa aiki ya yi kyau. Ko mutumin kirki ne, babu mai gaya masa inda ya yi kuskure.

Daga magini zuwa kamfanin ƙetare

Waɗanda muke kira ƴan kwangila ba ɗaya suke ba. A ƙasa akwai babban magini, wanda a gari ake ce wa maso, mai yaransa biyu ko uku. Asalinsa tsoho ne a ƙasar Hausa, inda sana'ar ke da Sarkin Magina da ke rarraba aiki, ya kuma tsawata wa wanda ya yi ha'inci. Ba ƙaramin ilimi ba ne: Falke Barmu, maginin da ya fara gina masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa a 1962 da ƙasa da itace, aikinsa ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Irin wannan magini sunansa ne jarinsa, domin a garin da ya yi gini a nan zai tsufa.

Sama da shi akwai ɗan jinga, wanda ma'aikatan gini ke kira tasharon. Yana karɓar aiki dunƙule, ya ɗauko ma'aikata, ya biya su, abin da ya rage nasa ne. Sau da yawa ba shi da ofis ko rajista, wayar salula da babur ne kayan aikinsa. Shi ne ke gina yawancin gidajen sababbin unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kuma manyan kamfanoni ma shi suke ba wa wani sashe na aikinsu. Akwai ƙwararru a cikinsu, akwai kuma wanda jiya dillalin fili ne.

Na uku shi ne kamfani mai rajista. Yana da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, ya yi wa ma'aikatansa rajista a asusun CNSS, sannan yana da takardar amincewa daga ma'aikatar da ke kula da fannin, wadda ke sa kamfanoni a rukuni-rukuni gwargwadon kayan aikinsu da ƙwararrun da suke da su. Irin waɗannan ne ke neman kwangilar azuzuwa, ɗakunan shan magani da magudanan ruwa. Su ne kuma suka samu aiki sosai lokacin bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha-jiha, irin su Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018.

A can sama akwai manyan kamfanonin ƙetare. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da aka buɗe a 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yamai. Da kuɗinsa ya yi aikin, a kan yarjejeniyar zai gudanar da filin shekara 30 ya mayar da jarinsa kafin ya miƙa wa ƙasa. Kamfanonin Sin ne suka gina gada ta biyu da ta uku a kan kogin Kwara a Yamai.

Girman kamfani kuwa ba ya hana aiki tsayawa. Madatsar ruwa ta Kandaji a jihar Tillaberi an fara ba wa wani kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, aka soke kwangilar a 2013 saboda jan ƙafa. A 2019 aka sake ƙaddamar da aikin a hannun kamfanin Gezhouba na Sin, shi ma ya dakatar da aiki a Agustan 2023, bayan juyin mulki da tsayawar kuɗin masu ba da lamuni. Layin dogo daga Yamai zuwa Doso da rukunin Bolloré ya shimfiɗa, an yi bikinsa a farkon 2016, amma bai zama hanyar jigilar fasinja da kaya ba. Abin da ya samu ɗan baffana a fili mai faɗin mita ɗari uku yana samun ƙasa a aikin biliyoyi.

Irin cinikin da aka ƙulla

Ban da irin mutumin, akwai irin yarjejeniyar. Wani kuɗin hannu kawai ake biyansa, mai gida ya sayi kaya da kansa. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, amma yana son mutum ya kasance a wurin kullum yana ƙirga buhu, abin da ɗan bida ba zai iya ba. Wani kuma ana ba shi aiki da kaya duka a kan dunƙulallen farashi. Na uku shi ne wanda ake cewa a miƙa maka mabuɗi: daga zane har fenti nasa ne, kai dai ka shiga. Akwai kuma biya bisa awo, inda ake yanke farashin kowace mita ta bango ko ta kankare, a auna abin da aka yi a biya.

Kowanne da inda yake ciwo. A dunƙulallen farashi, duk buhun simintin da ɗan kwangila bai zuba ba riba ce a aljihunsa. A biya bisa awo, ribarsa tana cikin ƙara yawan aikin. A kuɗin hannu kuwa sauri ne ribarsa, don ya gama ya wuce wani wurin. Wanda ya san irin cinikin da ya ƙulla ya san inda zai zuba ido.

Inda kuɗin ke zurarewa

Ha'incin gini yana ɓuya ne a wuraren da ake rufewa. Kankaren da ke ɗaukar nauyi, na ginshiƙi da na dal, ƙa'idar da injiniyoyi suka saba bi ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik ɗaya, wato buhu 7 masu kilo 50. Idan aka zuba biyar, ido ba zai gane ba ranar da aka zuba. Haka bulo: ana iya matsa wa buhu ɗaya ya fitar da kusan ninkin abin da ya kamata, bulon ya fito da siffarsa, sai an ɗora masa nauyi ko ruwa ya jiƙa shi a ga bambanci.

Ƙarfe ma haka ne. Inda zane ya ce a sa mai lamba 12 sai a sa mai lamba 10 ko 8, ko a buɗa tazarar zobban da ke ɗaure shi. Da an zuba kankare magana ta ƙare. Sai ruwa: kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana buƙatar a riƙa shayar da shi aƙalla makon farko. A zafin watan Afrilu, a unguwar da ake sayen ruwa a kura, wannan shi ne abu na farko da ake tsallakewa. Akwai kuma cire katakon da ke tallafe da dal tun bai yi ƙwari ba, don a kai shi wani aikin.

Mafi tsada a gyara shi ne harsashi. Ƙasar Damagaram mai duwatsu daban take da yashin Maraɗi, daban da laka ta bakin gulbi ko ta gaɓar kogi a Yamai. Filin da aka cike tsohon kududdufi ko tsohuwar bola ba ya ɗaukar harsashi irin na tudu. Injiniyan da ya duba gidan ɗan baffana daga baya ya gano cewa kusurwar da ta tsage a kan cikon rami take, kuma ba a haƙa an kai ƙasa mai ƙarfi ba.

Ba duka laifin ke kan ɗan kwangila ba. Mai gida da ya tara mutum uku ya zaɓi wanda ya fi araha da nisa, ya san ko bai sani ba, ya sayi buhu biyar a madadin bakwai. Wanda ke aiko kuɗi yau, ya yi shiru wata huɗu, ya bar ƙarfe a buɗe damana ta dake shi. Wani kuma sai an kai linta ya kira waya ya ce a ƙara ɗaki, ko a yi shirin bene a kan harsashin da ba a yi don bene ba. A ɓangaren gwamnati ma ƴan kwangila sun daɗe suna kuka da jinkirin biya, alhali su bashin banki da na ƴan kasuwa na kansu.

Masu sa ido a aikin gwamnati

A takarda, aikin gwamnati yana da matakan tsaro da yawa. Dokar kwangilolin Nijar ta samo tushe daga ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA ta fitar a 2005, waɗanda suka sa kiran takara a fili ya zama hanya ta asali, ba da kwangila kai tsaye kuma ya zama togiya mai sharuɗɗa. Ƙa'idojin sun iyakance kuɗin somin aiki, sun ba da damar riƙe har kashi 5 cikin 100 na kuɗin a matsayin jingina, sun kuma hana ɗan kwangila ya sayar wa wasu fiye da kashi 40 cikin 100 na aikin da ya ci. Idan an gama ana karɓar aiki na wucin gadi, sai bayan wa'adin garanti, galibi shekara ɗaya, a yi karɓa ta ƙarshe a sake masa jinginarsa.

Hukumar ARCOP, wadda ta gaji ARMP, ita ke tsara fannin, ta saurari ƙorafin kamfanin da ke ganin an zalunce shi a takara, kuma tana iya hana mai laifi shiga takara na wani lokaci. A wurin aikin akwai ofishin injiniyoyi masu bin diddigi da ake ɗauka daban da kamfanin, akwai kuma ɗakin gwaji na ƙasa, LNTP/B, mai auna ƙarfin ƙasa da na kankare. Ta fuskar almundahana, hukumar HALCIA ce ke bincike a da, sannan a Satumbar 2023 aka kafa COLDEFF.

Raunin tsarin a wurin sa hannu yake. Duk waɗannan matakai suna ƙarewa ne a kan takardar da wasu mutane za su sa wa hannu su ce an yi aiki yadda ya kamata. Idan mai bin diddigi a motar ɗan kwangila yake zuwa wurin aikin, ko kwangilar ta bi hannu uku kowa ya cire nasa kafin ta kai ga wanda zai haƙa rami, abin da ya rage ba zai gina abin da aka zana ba. Kuma darajar aji mai kyau ba a ɓoye take ba a ƙasar da gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, yara 20 suka rasu, sannan a Nuwamban shekarar wata ta kashe yara sama da 20 a Maraɗi. Kowane ajin siminti da aka biya kuɗinsa bai tsaya ba, yara ne suka koma rumfa.

Gidan mutum kuwa, wa ke duba shi?

A nan ne giɓin ya fi faɗi. Doka ta ce a nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari kafin a fara, tare da takardar fili da zanen gida. Ƙasar na da ƙungiyar masana zanen gini da ta injiniyoyin gine-gine, waɗanda doka ta san da su. Amma zagaye ɗaya a sababbin unguwanni ya isa ya nuna cewa gini yana gaba, takarda na baya, kuma ko an ba da izinin, da wuya wani jami'i ya zo ranar zuba dal.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa tana ba mai gida kariya. Sashe na 1792 ya ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin shekara 10 idan ginin da aka yi a kan yankakken farashi ya rushe, duka ko wani sashe, saboda aibin gini ko ma aibin ƙasar da aka ɗora shi. Sashe na 1793 kuma ya hana wanda ya karɓi aiki dunƙule bisa zanen da aka amince da shi ya dawo neman ƙari da hujjar kaya sun yi tsada, ko an canza wani abu, sai in an amince da canjin a rubuce. Sai dai alƙali da takarda yake aiki. Wanda ya ƙulla cinikin miliyoyi da musafaha da Fatiha kawai, zai sha wuya kafin ya tabbatar da abin da aka yi alkawari.

Damanar 2024 ta nuna abin da ke cikin wannan lamari. Ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba. A watan Oktoba hukumomi suka rage farashin siminti don mutane su sake gini. Simintin Malbaza ko na Badagishiri mai rahusa taimako ne, amma ba ya gyara harsashin da aka ɗora a hanyar ruwa. Kuma ba a ce ƙasa ce matsalar ba: a Dandaji, jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Abin da ya bambanta shi da bangon da ke faɗuwa shi ne lissafi da sa ido.

Kafin ka tura kuɗin farko

Mai shirin gini daga nesa zai iya rage haɗarin da abubuwan da ba su kai kuɗin tan ɗaya ko biyu na siminti ba. Ka fara da tabbatar da takardar fili da sunanka, ka kuma sa a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi da damana. Ka nemi zane da debi, wato lissafin kaya dalla-dalla, buhu nawa, ƙarfe nawa mai lamba nawa, ba jimilla ɗaya a saƙon waya ba. Ka je, ko ka aika, a ga gidan da mutumin ya gina shekara biyar da suka wuce, a yi magana da mai gidan ba a gabansa ba.

Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi biyu ne, da shaidu, in da hali a gaban notar: farashi, wa'adi, wanda zai sayi kaya, da abin da zai faru idan an makara. Biya ya zama mataki-mataki, bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi, kuma ka riƙe wani kaso har damana ɗaya ta wuce a kan gidan. Ka ajiye rasit na kowane aike. Duk canjin da ka yi ta waya, ka bi shi da rubutu.

Mafi muhimmanci, ka ɗauki injiniya ko ƙwararren ma'aikacin gini wanda kai kake biya, ba ɗan kwangila ba, ya zo aƙalla sau uku: ranar da aka gama haƙa harsashi, ranar da aka ɗaura ƙarfe kafin a zuba kankare, da ranar zuba dal. Ƙaninka ko kawunka zai iya ƙirga buhu, amma ba zai gane ƙarfe mai lamba 10 daga mai 12 ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa dattijon unguwa ya fasa abin da ya gina ba. Makarantun fasaha na ƙasar nan suna yaye matasa masu wannan ilimi kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki.

Ɗan baffana ya koma Abijan bayan wata biyu. Kafin ya tafi an rushe kusurwar gabas da ɗaki ɗaya, aka sake haƙa harsashin har aka kai ƙasa mai ƙarfi. Mutumin farko ne dai ke ci gaba da aikin, domin dattawa sun ce ba a raba zumunci a kan bulo. Amma yanzu akwai takarda mai shafi uku a hannun baffa, akwai kuma wata matashiyar injiniya da ke zuwa da ma'auninta kafin a zuba komai. Hotunan da ake tura masa ma sun canza: ita ke ɗauka, kuma daga ramin take farawa.